Yadda Ake Tuƙa Tsofaffin Jiragen Farfela a Kwamfuta

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila ƙirar DH.9A suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, Arthur Coningham yana jagorantarsu. Daga wannan tafiya ake fara ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar fasinja da wasiƙu daga Khartum zuwa Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, sai aka riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, har su kai Masar. Jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya.

Bayan yaƙi Kano ta zama zangon da ba a tsallakewa. Jirgin wancan lokaci ba ya iya tashi daga Turai ya kai Kongo ko Afirka ta Kudu da shan mai ɗaya, kuma Kano ce babban birni na farko da yake tararwa idan ya ƙetare Sahara. Don haka jiragen BOAC na Ingila, da KLM na Holan, da Sabena na Beljiyam duk a nan suke yada zango. Kamfanin Afirka ta Yamma, WAAC, wanda aka kafa a 1946, shi kuma yana haɗa garuruwan cikin gida da ƙananan jirage irin Dove da Heron da DC-3. Hotunan lokacin suna nuna mai busa kakaki bisa raƙumi yana sanar da isowar jirgi a filin Kano.

Duk jiragen nan masu farfela ne, injinansu na fistin, kuma yau sai ɗaiɗaiku suka rage suna tashi. Amma akwai dubban mutane a duniya da suke tuƙa su kullum a cikin kwamfuta, da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi. Yaro a Maruta ko Birnin Kudu a kudancin Jigawa, in yana da tsohuwar kwamfuta da ɗan abin cajin sola, zai iya shiga sahunsu. Abin da zai fi yi masa amfani a wannan harka littafi ne da taswira da agogo da haƙuri, kuma akasarinsu kyauta ake samu.

Me manhajar take yi?

Abubuwa huɗu ne suke kokawa da jirgi a sama. Nauyi yana jan sa ƙasa, iskar da take bi ta kan fukafukai tana ɗaga shi, farfela tana jan sa gaba, ita kuma iskar da yake ratsawa tana tirje masa. Aikin manhaja shi ne ta lissafa waɗannan huɗun sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa, gwargwadon gudu da tsayi da zafin rana da nauyin kaya da abin da matuƙi ya taɓa, sannan ta zana sakamakon a fuskar kwamfuta. Wasu manhajojin suna duba jadawalin alƙaluma da aka tanadar wa kowane jirgi. X-Plane kuwa yayyanka fiffike take yi zuwa ƙananan sassa, ta lissafa yadda iska take bugun kowane sashe, ta haɗa jimla.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1929 Edwin Link na Amurka ya ƙera wani akwati mai motsi da matuƙi yake shiga a rufe shi, ya koyi tuƙi da kallon agogunan jirgi kawai, kuma da irinsa aka horar da ɗimbin matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu. Microsoft Flight Simulator ta fito a 1982 ta shigar da abin gidajen mutane.

Dalilin da ya sa wasu suka fi son tsohon jirgi a bayyane yake. Jirgin zamani kwamfutarsa ce take riƙe hanya, take auna mai, take tsare injin. A tsohon jirgi duk wannan yana wuyan mutum. Wanda ya kai DC-3 daga Kano zuwa Maiduguri ba tare da ya ɓata ko ya ƙona injin ba, lallai ya fahimci yadda jirgi yake aiki.

Zaɓen manhaja daidai da halin da muke ciki

A ƙauyukan kudancin Jigawa abin da yake yanke hukunci shi ne wuta da data da ƙarfin kwamfuta. Microsoft Flight Simulator ta 2020 da wadda ta biyo ta a 2024 su ne suka fi kyan gani, domin hotunan tauraron ɗan'adam suke shimfiɗawa, har mutum ya hango gonaki da hanyoyin garinsu. A Nuwamba 2022 aka ƙara DC-3 a cikin ta 2020 kyauta. Sai dai ta 2020 tana cin wuri sama da gigabait 100, dukansu biyu kuma suna son kwamfuta mai ƙarfi da intanet marar yankewa. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan wannan nauyi ne.

FlightGear ita ce ta fi dacewa da mai farawa da hannu wofi. Kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ne suke gina ta tun shekarun 1990, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma a rumbun jiragenta akwai DC-3 da Lockheed Constellation. An rarraba taswirar duniyarta gida-gida, kowane gida digiri 10 a tsaye da 10 a kwance. Kano da Dutse da Birnin Kudu da Gwaram duk suna gida ɗaya, wanda ya kama daga digiri 0 zuwa 10 gabas, 10 zuwa 20 arewa. Maiduguri tana gida na gaba ta gabas. Wanda ya shiga Dutse ko Kano ya sauke waɗannan biyun a filashi ya gama da intanet, sai ya koma gida ya yi ta tashi.

Tsofaffin manhajojin Microsoft ma ba su mutu ba. Ta 2004, wadda ta fito a 2003 domin cikar shekara 100 da tashin farko na 'yan'uwan nan Wright a jirgin sama, ta zo da DC-3 da Ford Trimotor, kuma tana gudu lafiya a kwamfutar da yau ake ganin ta tsufa. FSX ta fito a 2006, aka sake fitar da ita a kasuwar Steam a 2014. Mafi yawan tsofaffin jiragen kyauta domin waɗannan biyun aka ƙera su. Sai dai a sani, filin jirgin Dutse da aka buɗe a 2014 ba ya cikinsu, tun da sun riga shi. X-Plane tana da ta gwaji kyauta mai ɗan gajeren lokaci, tana kuma da ta waya, wadda ta isa mutum ya ɗanɗana ya ji ko abin ya kwanta masa.

Game da kayan hannu, ana iya farawa da linzamin kwamfuta da madannai. Sandar tuƙi mai araha, wadda ake murɗa ta hagu da dama, ita ce sayayya ta farko da ta cancanci kuɗinta, domin DC-3 ƙaramar tayarsa a wutsiya take, kuma in ba a riƙe shi da kyau ba a kan titin tashi, wutsiyar takan nemi ta riga hanci. Sitiyari da fedoji da allo uku duk suna iya jira.

Jiragen da ake samu

Da DC-3 ake fara koyo. Ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935, an ƙera sama da 16,000 idan aka haɗa da na soja, yana ɗaukar fasinja 21 zuwa 32, kuma injinansa biyu ne kacal. Akwai samfurin sojansa, C-47, da masu sa kai suka ƙera wa FSX kyauta, wanda ya shahara saboda yana hukunta mai wasa da injin. Rumbun California Classic Propliners ya tara jirage da filayen jirgi na shekarun 1950 zuwa farkon 1960, yana kuma da dogon darasi kan yadda ake tuƙa irin waɗannan jirage mataki-mataki. Wannan darasi ya fi kowane jirgi da za a sauke daraja.

Na kuɗi kuma akwai DC-6 na kamfanin PMDG, da Constellation da Boeing 377 Stratocruiser na kamfanin A2A. Stratocruiser, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Landan da Kano da Legas a ƙarshen shekarun 1950, injinansa huɗu ne, kowanne da silinda 28, jimla 112, kowace silinda da filogi biyu. Saboda haka ne ake ware mutum guda, injiniyan jirgi, ya zauna bayan matuƙa ba ya komai sai kula da injina. Mai koyo ya bar waɗannan sai hannunsa ya faɗa.

Sanda uku na injin

Duk wanda ya leƙa tsakanin kujerun matuƙan DC-3 zai ga sanduna jere, iri uku, kowane iri biyu-biyu saboda injin biyu. Fahimtar su ita ce rabin karatun.

Ta farko totur ce. Ita take buɗe wa iska da mai hanya zuwa silinda, ana kuma karanta aikinta a agogon da yake auna matsin iskar da take shiga injin, da inci. Ta biyu ta farfela ce. Ruwan farfelar waɗannan jirage yana karkata, kuma akwai na'urar da take karkata shi da kanta domin ta riƙe yawan juyin da matuƙi ya nema a minti. Wannan sanda kamar giyar mota take: mai hawa tudu da lodi ƙaramar giya yake sawa injin ya yi ta juyi, in ya hau shimfiɗaɗɗen titi sai ya sa babba, injin ya huta, mai ya yi auki. Ta uku ita take daidaita yawan man da ake gauraya wa iska. Wajen tashi da hawa ana sake wa injin mai sosai, domin rarar man tana sanyaya silinda. In an daidaita a sama sai a koma tsimi, tun da iskar can ba ta da kauri.

A DC-3 mai injin Pratt & Whitney R-1830, mai silinda 14 da ƙarfin doki 1,200, ana tashi da inci 48 da juyi 2,700, na ɗan lokaci kaɗan. Da an rabu da ƙasa an naɗe tayoyi sai a rage zuwa wajen inci 36 da juyi 2,350 domin hawa, a tafiyar miƙe kuma wajen inci 30 da juyi 2,050. Akwai ƙa'idar da ba a karyawa: in za a ƙara ƙarfi, a fara da sandar mai, sai ta farfela, totur a ƙarshe, in za a rage, totur ce farko. Wanda ya cika wa injin matsi alhali juyinsa kaɗan ne, man zai riƙa fashewa a silinda maimakon ya ci sannu, kuma hakan yana iya huda fistin.

Tayar da injin ma da tsarinsa. Silindojin a zagaye suke, saboda haka in jirgi ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a na ƙasa. Ruwa ba ya matsuwa, in aka kunna a haka ƙarfe zai lanƙwashe. Sai matuƙi ya sa sitata ta juya farfela wutar filogi tana kashe, yana ƙirga ruwan farfelar suna wucewa ta tagarsa ɗaya bayan ɗaya. In ya ga ba abin da ya cije, ya ba da mai, ya buɗe wuta. Injin ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, silinda ɗaya ta kama, wata ta bi, har ƙarar ta daidaita. Idonsa a lokacin yana kan agogon matsin baƙin mai; in allurar ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, kashewa zai yi. Jirage masu kyau a manhaja duk suna kwaikwayon wannan.

Iska ce take sanyaya waɗannan injina, kuma akwai 'yan ƙofofi a bayan murfin injin da ake buɗewa a ƙasa da wajen hawa, a rufe a tafiyar miƙe domin suna rage gudu. Akwai kuma abin da yake ba sabon shiga mamaki: ƙanƙara tana iya toshe kafireto ko da gari ba sanyi, domin mai in yana zama tururi zafi yake zuƙewa. Da damina, iska tana ɗauke da laima, in aka ga matsi yana raguwa ba dalili, sai a buɗe wa kafireto iska mai ɗumi.

Sauka tun daga nesa ake shirya ta. DC-3 ba a matse iskar cikinsa, don haka ana saukowa da ƙafa 500 a minti saboda kunnuwan fasinja. Filin Kano yana kan tsayin ƙafa 1,500 da ɗoriya. Mai zuwa daga ƙafa 8,000 yana da ƙafa 6,500 da zai zubar, minti 13 ke nan, wato tun yana wajen kilomita 60 da gari zai fara gangarowa.

Zafinmu ma yana shiga lissafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela ba sa samun abin kamawa sosai. Da azahar a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, jirgin da yake filin Kano ji yake kamar yana kan tsayin kusan ƙafa 5,000. Mai koyo ya gwada da kansa: ya cika jirgi da kaya ya tashi da zafin digiri 15 na asubar hunturu, ya sake tashi da 40, ya dubi bambancin tsawon titin da ya ci. Gani ya kori ji.

Neman hanya ba tare da tauraron ɗan'adam ba

Matuƙan wancan zamani ba su da GPS. Kamfas suke da shi, da agogo, da taswira, da lissafi. A harkar jirgi da mil na teku ake awo, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. DC-3 yana yin wajen mil 150 a awa, wato mil biyu da rabi a minti. Da wannan kaɗai ana iya tsara tafiya ta farko a kan ƙasarmu.

A tashi daga Kano a fuskanci kudu maso gabas, wajen digiri 125. Wudil da gadarta suna kimanin mil 24, saboda haka bayan minti 10 da 'yan kai, tun da jirgi yana tafiya a hankali wajen hawa, ya kamata kogi ya bayyana a ƙarƙashin hanci. A rubuta lokacin a takarda. Birnin Kudu tana kimanin mil 67 daga Kano, kusan rabin awa, kuma duwatsun nan nata masu zanen mutanen da su ne shaidarta, tare da titin kwalta da ya taho daga Wudil. Daga nan a karkata hagu kaɗan, wajen digiri 115, cikin minti 10 a shiga ƙasar Gwaram, inda Maruta take, a nemi Kogin Bunga. A tsofaffin manhajoji ƙananan garuruwa ba sa fitowa da siffarsu, saboda haka kogi da titi da dutse ake dogara da su, kuma da su matuƙan da ma suke dogara.

In an iya wannan da lafiyayyen yanayi, sai a sa iskar hunturu daga arewa maso gabas, mai gudun mil 20 a awa. Ta hagu za ta riƙa bugun jirgin tana tura shi dama. Akwai ƙa'idar ɗaya cikin 60: kuskuren digiri ɗaya yana kauce da jirgi mil ɗaya a kowane mil 60. Iskar gefe ta mil 20 a kan gudun mil 150 tana jawo kaucewar digiri 8, wato kafin a kai Birnin Kudu an bar hanya da kusan mil 9. Maganin shi ne a karkata hanci digiri 8 zuwa inda iskar take fitowa. Sannan a ƙara hazo, a rage nisan gani zuwa kilomita 3, a ga yadda agogo da takarda suke zama idon mutum.

Matuƙa suna da wani faifan lissafi mai juyawa, E6B, wanda Philip Dalton ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ana samun zanensa a buga a kwali a yanke, akwai shi kuma a manhajar waya. Little Navmap manhajar tsara hanya ce ta kyauta da take aiki da FSX da sababbin manhajojin Microsoft da X-Plane. Amfaninta ya fi yawa in an tsara hanya da ita kafin tashi, a rufe ta, sai an sauka a buɗe a ga inda aka karkace.

Mataki na gaba rediyo ne. Ana kafa tasha a ƙasa tana watsa sigina ko'ina, a jirgi kuma akwai allura da take nuna inda tashar take. Matuƙi yana tabbatar da tashar ta hanyar sauraron haruffanta da take bugawa da ɗigo da ja. Allurar tana da rauni: hadari mai walƙiya yana fizgar ta, da dare kuma takan yi rawa. A tsakiyar Sahara, inda tashoshi suka yi ƙaranci, mai lissafin hanya ne yake leƙawa ta wata ƙubbar gilashi a rufin jirgi ya auna tsayin taurari.

Abin da ƙaramin kuskure yake jawowa ya faru a kan hanyar Kano. A Mayu 1952 jirgin BOAC ƙirar Hermes ya taso daga Tarabulus da dare zai zo Kano. Mai lissafin hanya ya yi kuskure wajen saita gyaran kamfas, jirgin ya yi ta karkata yamma awa bayan awa, har mai ya ƙare ya sauka a hamada kusa da Atar ta ƙasar Muritaniya. Duk waɗanda suke ciki sun fita da rai, amma mataimakin matuƙi ya rasu bayan 'yan kwanaki. Darasin da aka ɗauka shi ne kada a amince da ma'auni ɗaya: a gwada kamfas da kamfas, a gwada su da taurari da rediyo da abin da ido ya gani.

Hadarin damina ma ya bar tabo. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus hadari yana gabansa. Iska ta juya masa farat ɗaya, gudunsa ya faɗi, ya kasa hawa, ya bugi itace. Mutum 32 cikin 45 suka rasu. A lokacin ba a gama gane irin wannan iska mai dannowa ƙasa daga cikin hadari ba, yau kuwa kowane matuƙi yana karanta ta. Jirgin farfela ba ya iya hayewa saman irin wannan hadari, sai dai ya zagaye shi ko ya jira. Mai koyo da ya saba jinkirta tashi in ya ga gabas ta haɗe ya koyi abu mafi tsada a wannan sana'a.

Jadawali da littattafai

Abin da yake sa tafiya ta yi armashi shi ne a bi hanyar gaske da lokacin gaske. Rumbun Airline Timetable Images ya adana hotunan tsofaffin jadawalan kamfanonin jirage, har da waɗanda suka yi aiki a Afirka ta Yamma. Mutum zai ɗauki na wata shekara, ya ga ƙarfe nawa jirgi yake barin Kano da inda yake tsayawa, ya yi ƙoƙarin cika alkawarin lokacin. Wanda kakansa ya yi aikin hajji ta jirgi a farkon zamanin jigilar alhazai daga Kano zai iya tambayar dattawan gida inda aka yada zango, ya bi sawun tafiyar har Jidda.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ba da littattafan koyon tuƙi kyauta, ciki har da Pilot's Handbook of Aeronautical Knowledge da Airplane Flying Handbook, kuma sau ɗaya ake sauke su a waya. Littafin horon matuƙan C-47 na sojan Amurka na zamanin yaƙi shi ma yana nan, cike da zane, an rubuta shi ne domin samari masu fara koyo. Mai son jin yadda rayuwar take ya nemi Fate Is the Hunter na Ernest K. Gann, wanda ya fito a 1961, marubucin da kansa matuƙin irin waɗannan jirage ne. In intanet ta samu, VATSIM da IVAO suna haɗa matuƙan kwamfuta da masu sa kai da suke aikin hasumiyar ba da umarni, a yi magana ta rediyo kamar gaske.

Iyakar abin da amfaninsa

Manhaja ba ta ba da lasisi, ba ta kuma koya wa jiki yadda iska take girgiza jirgi. Mai son ya zama matuƙi ko injiniya hanyarsa ita ce makaranta irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma sai da lissafi da kimiyyar fiziks da Turanci ake shigarta. Amma iyaye su lura da abin da yaro yake yi in ya zauna gaban wannan manhaja. Yana raba nisa da gudu ya fitar da lokaci, yana auna kusurwa, yana karanta taswira, yana bin jerin ƙa'idoji ba tsallake, yana karanta littafin Turanci don kansa. Muddin bai ci lokacin salla da karatu da aikin gida ba, wannan wasa ne mai riba.

Kwamfuta ɗaya ta ishi yara huɗu: ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya kula da injin, ɗaya ya riƙe taswira da agogo, ɗaya ya karanta jerin ƙa'idoji, kamar yadda ma'aikatan jirgin wancan zamani suke raba aiki. Malaman lissafi da na labarin ƙasa a makarantun Gwaram da Birnin Kudu za su iya kafa irin wannan ƙungiya da kwamfutar da take ɗakin gwaji tana shan ƙura. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma suna da aiki a gabansu: su tattara tsofaffin hotunan filin jirgin Kano, su zana shi a manhaja yadda yake a shekarun 1950, su rubuta bayanin tuƙin DC-3 da Hausa. Tarihin namu ne, mu ya kamata mu adana shi. Wanda yake da kwamfuta ya sauke FlightGear da littafi ɗaya, ya samo fensir da takarda, ya fara da Kano zuwa Wudil.